Tsaunin Kinder Scout Da Haƙƙin Talaka Na Taka Ƙasar Haihuwarsa

Duk lokacin da na ba abokan aikina labarin ranar da na kwashe sa'o'i shida ina tafiya a ƙasa domin in hau wani tsauni a Ingila, tambayar farko da suke yi mini ita ce, to me ka samo a can? In na ce ban samo komai ba sai a bushe da dariya, wani ma ya ce ai dama boko in ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Ban ga laifinsu ba, domin kuwa a tarbiyyar da muka tashi da ita mutum ba ya hawan dutse sai da dalili. Mai neman itace yakan hau, makiyayi da maharbi sukan hau, haka ma wanda yaƙi ya koro. Amma mutumin da Allah ya rufa wa asiri har ya mallaki mota, in aka gan shi da jaka a baya yana haki a kan tudu, sai a fara tambayar ko lafiya.

To, yau ina so in amsa wannan tambaya a tsanake. Abin da na samo a kan tsaunin shi ne fahimtar cewa damar da mutum yake da ita ta ratsa daji ko ya hau tudu ba tare da wani ya tare shi ya ce ina za ka ba, haƙƙi ce mai tsada, kuma irin haƙƙin nan ne da yakan salwanta ba a ji ƙarar faɗuwarsa ba. Mutanen Ingila sun taɓa rasa shi, kuma sai da suka yi fiye da shekara ɗari suna fafutuka kafin a mayar musu da wani yanki nasa. Ina ganin labarin ya cancanci mai karatu ya ji shi.

Sunan tsaunin Kinder Scout. Yana gundumar Derbyshire, tsakanin biranen Manchester da Sheffield, kuma shi ne wuri mafi tsawo a yankin da ake kira Peak District. Tsawonsa mita 636 ne daga doron teku, wato in aka gwada shi da Chappal Waddi na Jihar Taraba mai mita 2,419, ƙaramin tudu ne. Wani taro ne ya kai ni Sheffield a ƙarshen wani watan Agusta, da aka tashi sai wani abokin aiki Bature ya ce lallai in raka shi. Muka hau jirgin ƙasa zuwa wani ɗan ƙauye mai suna Edale da ke cikin kwari a gindin tsaunin. Daga tashar jirgin sai tafiyar ƙafa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hanyar ta bi ta tsakiyar gonakin mutane. Muna ratsa makiyayar tumaki, muna wuce bayan gidajen manoma, kuma duk inda katangar dutse ta tare mu sai mu tarar da 'yar ƙofa ko 'yar matakala da aka yi musamman domin mai tafiya ya tsallaka. Na yi ta waige-waige ina jiran mai gona ya fito ya yi mana tsawa, abokin nawa yana yi mini dariya. Ya nuna mini taswirar da ke hannunsa, inda aka zana hanyar da ɗigo-ɗigo, ya ce wannan zanen shi ne izininmu, kuma manomin da ya toshe hanyar shi ne ya karya doka.

Bayan mun wuce gonakin sai muka iso wani hawa mai tsayi da aka shimfiɗa wa duwatsu kamar matakala, wanda suke kira Tsanin Yakubu. Nan ne na san cewa zaman ofis ya ci ƙarfina. Da muka kai sama sai ƙasa ta canza kama baki ɗaya. Turawa suna da kalma guda da suke kiran irin wannan wuri da ita, mu kuwa sai dai mu siffanta. Fili ne shimfiɗaɗɗe a bisan tudu, iya ganinka babu bishiya ko ɗaya, sai gajerun tsirrai masu fure ruwan shuni da ciyawa mai kauri, ƙarƙashinsu kuma wata baƙar ƙasa mai laushi da ke riƙe ruwa kamar soso. Wannan baƙar ƙasa ruɓaɓɓen tsiro ne da ya yi dubban shekaru yana taruwa, kuma kaurinta ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin milimita ɗaya a shekara. Ruwan sama ya yayyanka ta ya yi kwazazzabai, wasu sun fi tsayin mutum zurfi. A bakin filin akwai manyan duwatsu da iska ta sassaƙa su suka ɗauki siffofi iri-iri. A gefen yamma kuma akwai inda rafi yake zubowa daga tsayin mita 30, kuma in iska ta taso da ƙarfi daga yamma sai ta mayar da ruwan sama kamar hayaƙi.

Ƙololuwar kanta ba abin a zo a gani ba ce. Hasali ma da wuya mutum ya gane ya iso, domin filin kusan daidai yake ko'ina, har yawancin mutane sukan tsaya a wani ginshiƙin awon ƙasa da ke kusa, mai tsawon mita 633, su ɗauki hoto su juya. Daga can, in gari ya waye sarai, ana hango birnin Manchester. Muna zaune muna cin ɗan guzurinmu hazo mai raɓa ya sauko, cikin minti kaɗan ba na iya ganin abin da ya wuce taku ashirin. Abokina ya fito da kamfas ba tare da wata damuwa ba. A lokacin ne na gane dalilin da ya sa ya matsa mini in ari takalmi mai kauri da rigar ruwa. Wurin yana kisa. A watan Maris na 1964 wasu matasa uku 'yan sikawut sun rasu saboda sanyi yayin wata gasar tafiyar ƙafa a tsaunukan wannan yanki, kuma wannan rashi ne ya sa aka haɗa kan masu aikin ceto na sa-kai ƙarƙashin ƙungiya guda.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, sai da na tsaya a kan sunan. Kalma ta biyu a sunan tsaunin ba ta da wata alaƙa da 'yan sikawut ɗin da muka sani. Masana sunayen wurare suna danganta ta da wata kalma ta tsohon harshen mutanen Sikandinebiya mai nufin dutsen da ya rankwafo.  Mutanen da suke bi ta wuri su ne suke raɗa masa suna, kuma yawan sunayen da ke kan taswirar, kowane kwazazzabo da kowane dutse da nasa, shaida ce cewa ƙafafun talakawa sun daɗe suna zirga-zirga a nan kafin a hana su.

Yadda aka hana su kuwa shi ne ta hanyar doka. Tsakanin 1604 da 1914 Majalisar Dokokin Birtaniya ta zartar da dokoki sama da 5,200 na killace filayen da a da jama'ar ƙauye suke tarayya a kansu, kimanin eka miliyan 6.8. Filin da kowa yake kiwo a ciki, ya yi itace, ya ratsa zuwa kasuwa, sai aka wayi gari ya zama mallakin mutum guda. A ƙarni na 19 Kinder Scout ma ya bi sahu. Masu sarauta da attajirai suka mayar da irin waɗannan tsaunuka wurin farautar wani tsuntsu mai kama da makwarwa, wanda ake buɗe lokacin harbinsa ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Saboda farautar 'yan kwanaki, sai aka zuba masu gadi da sanduna suna korar mutane duk tsawon shekara, wai kada a firgita tsuntsaye.

A daidai wannan zamani kuma Manchester da Sheffield sun cika da masaƙu da masana'antun ƙarfe. Ma'aikaci yana yin kwana shida cikin hayaƙi da ƙara, ranar Lahadi ya ɗaga kai ya hango tsauni, ya biya kuɗin jirgi ya zo gindinsa, a ce masa ya tsaya nan. Tun a 1884 wani ɗan majalisa mai suna James Bryce ya gabatar da ƙudurin buɗe tsaunukan Sukotlan ga jama'a, aka yi watsi da shi. Aka yi ta kawo makamantansa ana kayar da su, domin masu ƙasar su ne masu rinjaye a majalisar.

A farkon 1932 masu gadi suka kori wasu matasan wata ƙungiyar wasanni ta ma'aikata daga tsaunin Bleaklow da ke kusa. Matasan suka yi shawara cewa in masu gadi za su iya korar mutum goma, ba za su iya korar ɗaruruwa ba. Ranar Lahadi 24 ga Afrilu, 1932, kimanin mutum 400 suka taru a wata tsohuwar mahaƙar duwatsu kusa da ƙauyen Hayfield. Wani bakanike ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman, ɗan gurguzu, wanda iyayensa Yahudawa ne baƙin haure daga Romaniya, ya hau kan dutse ya yi musu jawabi. Daga nan suka nufi sama. Masu gadin basaraken Devonshire suka tare su, aka ba hamata iska na ɗan lokaci, mai gadi ɗaya ya ji rauni, jama'a suka wuce suka haɗu da wata tawaga da ta hawo daga ɓangaren Sheffield. Wannan shi ne abin da zan kira kutsen gayya.

An kama mutum shida. Wani abin lura shi ne a dokar Ingila shiga filin wani kawai ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum a kansa, magana ce ta ƙarar diyya tsakanin mutum biyu. Don haka sai aka tuhume su da tayar da tarzoma da duka. Kotu a birnin Derby ta ɗaure biyar daga cikinsu, daga wata biyu zuwa wata shida, Rothman ya sami wata huɗu. Hukuncin ya fusata har waɗanda ba su goyi bayan kutsen ba. A watan Yuni na wannan shekara kimanin mutum 10,000 suka yi gangami a mashigin Winnats da ke kusa suna neman a buɗe tsaunuka.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauri ba. A 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa da damar shiga karkara, wadda ta umarci ƙananan hukumomi su zana duk hanyoyin ƙafa na jama'a a taswira ta hukuma. A 1951 Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya. Ranar 24 ga Afrilu, 1965, aka buɗe hanyar ƙafa ta Pennine mai tsawon mil 268, wadda ta tashi daga Edale har cikin Sukotlan, kuma a kan somin-taɓinta muka yi tafiyarmu. A 1982 ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi ta mallaki babban ɓangare na tsaunin. Sai a shekarar 2000, wato shekara 68 bayan kutsen, aka yi dokar da ta ba kowa damar yawo a kan tsaunuka da irin waɗannan filaye a Ingila da Wales ko da mallakin wani ne, kuma ba ta gama aiki ko'ina a Ingila ba sai 2005. A 2002, wurin bikin cika shekara 70, basaraken Devonshire na lokacin, Andrew Cavendish, ya tsaya a waccan mahaƙar duwatsu ya nemi gafara a bainar jama'a kan abin da aka yi a zamanin kakansa. Rothman bai ji wannan ban-haƙuri ba, domin ya rasu a watan Janairun shekarar yana da shekara 90.

Adalci ya wajabta in kawo hujjojin ɗaya ɓangaren, domin ba na banza ba ne. Hujja ta farko ita ce ta mallaka. Mai ƙasa zai ce da kuɗina na saya ko gado na ci, da wane dalili baƙo zai shigo mini ba sallama? Amsar da dokar 2000 ta bayar ita ce ba a ƙwace ƙasar kowa ba. Mai tafiya ba shi da ikon kunna wuta, ko kafa tanti, ko shiga da keke, ko kusantar gidan mutane da gonar da aka shuka. Dole ya ɗaure karensa a watannin da tsuntsaye suke ƙwai, daga Maris zuwa Yuli, kuma mai ƙasa yana iya rufe filinsa har kwana 28 a shekara. Abin da aka rage masa kawai shi ne ikon hana mutum wucewa ta wurin da ba a noma. A ganina wannan rangwame ne mai sauƙi, musamman in aka tuna cewa majalisar da ta ba kakanninsa filin ita ce dai ta dawo ta gyara sharaɗin.

Hujja ta biyu ita ce ta ɓarna, kuma ta fi ta farko ƙarfi. Gaskiya ne dubban ƙafafu sun tattake baƙar ƙasar nan har hanya ta zama faffaɗan taɓo, kuma sakacin 'yan yawo yana haddasa gobara. Sai dai babbar ɓarnar da aka yi wa Kinder Scout ta girmi 'yan yawo. Hayaƙin masana'antun Manchester na kusan shekara ɗari biyu shi ya kashe gansakukar da ke rufe ƙasar, tumaki masu yawa kuma suka cinye abin da ya rage. Tun 2003 wani shirin haɗin gwiwa yake aikin farfaɗo da filayen, ana toshe kwazazzabai domin ruwa ya tsaya, ana sake dasa gansakuka, an kuma killace wani sashe daga tumaki. Kuɗin jama'a da gumin masu sa-kai ne suke wannan aiki, kuma yawancinsu mutanen da suka san wurin ne da ƙafarsu. Mutum ba ya kishin wurin da aka hana shi gani. Har ila yau, faffaɗan duwatsun da aka shimfiɗa a sassan hanyar Pennine domin kare ƙasar, da yawansu daga daɓen tsofaffin masaƙu aka ciro su, aka kawo su da jirgi mai saukar ungulu. Daɓen da kakanni suka tsaya a kai suna saƙa, shi jikoki suke takawa ranar hutu.

Hujja ta uku ta masana tarihi ce, waɗanda suke cewa an zuzuta kutsen 1932 fiye da kima. Manyan ƙungiyoyin masu yawon ƙafa na lokacin sun nesanta kansu daga shi, suna ganin zai ɓata musu tattaunawar da suke yi da masu ƙasa, kuma dokar 1949 ta samu ne ta hannun mutane irin su Tom Stephenson, ɗan jaridar da ya kawo shawarar hanyar Pennine tun 1935, waɗanda suka yi shekaru suna bin ofisoshi da majalisa. Na yarda da rabin wannan magana. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da babu masu haƙurin rubuta ƙuduri da zana taswira, da kutsen ya tsaya a labari. Amma kuma masu haƙurin sun yi kusan shekara hamsin tun zamanin Bryce ba su sami komai ba, sai da aka ɗaure yara biyar sannan talaka ya fahimci cewa maganar ta shafe shi.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Filin da dokar 2000 ta buɗe bai wuce kimanin kashi 8 cikin ɗari na ƙasar Ingila ba, alhali Sukotlan da dokarta ta 2003 ta buɗe kusan ko'ina bisa sharaɗin kiyaye ladabi. A yankin Dartmoor wani attajiri mai ƙasa ya kai ƙara yana neman a hana mutane kwana a tanti a filin, ya yi nasara a babbar kotu a Janairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, sai a watan Mayun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jama'a haƙƙinsu. Akwai kuma shingen da ba a gani da ido. Ranar Kirsimeti ta 2021 wata ƙungiyar Musulmi masu hawan tsauni, wadda Haroon Mota ya kafa, ta kai mutum sama da ɗari kan tudun Mam Tor, wanda yake fuskantar Kinder Scout daga ɗaya gefen kwarin Edale. Da hotunansu suka fita a intanet sai wasu suka yi musu ca da zagin wariya, wai sun zo ɓata wuri. Masu zagin sun manta, ko ba su taɓa sani ba, cewa yaron da ya sha ɗauri a kan wannan haƙƙi shi ma ɗan baƙi ne.

To ina ruwanmu da duk wannan? Ruwanmu shi ne matsayin da muke a yau ya yi kama da na ƙauyukan Ingila kafin a killace su. A al'adarmu akwai hanyar gona, akwai burtali, akwai makiyaya da mashaya, akwai dutsen bayan gari da kowa yake hawa. Kowa ya san su, amma kaɗan ne daga cikinsu aka auna aka rubuta. Duk wanda ya haura shekara arba'in zai iya lissafa hanyar da ya bi yana yaro wadda yanzu katanga ta datse, ko dutsen da kamfanin fasa duwatsu ya cinye rabinsa, ko filin idin da aka yanka fuloti. Dutsen Dala, wanda tarihin Kano ya faro daga gindinsa, gidaje sun matse shi ta kowane gefe. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya tun 1965, amma sanin kowa ne yadda gonaki da gine-gine suka cinye burtali da dama, da kuma jinin da hakan ya jawo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin dukkan 'yan Nijeriya. A aikace kuwa wanda ya riƙe takardar mallaka shi ke da magana a kotu, wanda kakanninsa suka yi shekara ɗari suna bin hanya ba shi da abin nunawa.

Na san wani zai ce, malam, mutanen da ba su iya zuwa gona saboda 'yan bindiga kake wa maganar hawan dutse? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba na cewa yawon ƙafa zai magance ta'addanci. Amma ina roƙon a lura cewa rashin tsaro shi ma killacewa ne, ya raba mutane da dajinsu da duwatsunsu kamar yadda masu gadi suka raba ma'aikatan Manchester da nasu. Ranar da zaman lafiya ya dawo, kuma muna fatan ya dawo, tambayar da za ta taso ita ce wa zai mallaki waɗannan wurare da aka yi shekaru ba a taka ba. In ba a rubuta haƙƙin jama'a tun yanzu ba, mai kuɗi da mai mulki ne za su riga kowa isa da takarda a hannu.

Shi ya sa darasin da na fi ɗauka daga Kinder Scout shi ne na taswirar da abokina ya nuna mini. Ingila da Wales suna da hanyoyin ƙafa na jama'a kimanin mil 140,000, kuma abin da ya kare su shi ne an zana su, an sa musu lamba, an ɗora wa hukuma nauyin kula da su. Wannan aiki ne da majalisun jihohinmu za su iya yi da doka guda, wadda za ta umarci kowace ƙaramar hukuma, tare da dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo, ta auna hanyoyin ƙafa da burtali da duwatsun gari ta shigar da su rajista, ta yadda duk takardar mallakar da za a bayar nan gaba za ta fita da sharaɗin barin hanya. Sassan nazarin ƙasa da na harsuna a jami'o'inmu suna da ɗaliban da za su iya tattara sunayen wuraren daga bakin tsofaffi kafin su ƙare, domin sunan da jama'a suka raɗa wa wuri hujja ce ta daɗewar amfaninsu da shi.

Sauran aikin kuma namu ne, mu da muke karanta wannan shafi. Mu ne muke da motar zuwa, mu ne likita yake wa gargaɗi kan hawan jini da ciwon sukari, kuma 'ya'yanmu ne suke iya lissafa tsaunukan Turai a jarrabawa ba su taɓa hawa Kufena ko duwatsun Shere ba. Inda hanya take da aminci, mu ɗauki yara mu hau, mu nemi ɗan gari ya yi mana jagora mu biya shi haƙƙinsa, mu kwashe sharar da muka zo da ita. Hanyar da ake bi ba ta mutuwa, kuma hukuma takan yi nauyin hannu wajen sayar da wurin da ta san manyan gari suna zuwa.

Da yamma muka sauko Edale, ƙafafuna sun yi tsami, wandona ya yi baƙi da taɓo har gwiwa. A tashar jirgi na ga tsofaffi da sanduna, da matasa, da wata mata da goyo a baya, duk daga tsaunin suke, babu wanda ya biya ko kwabo, babu wanda ya nemi izinin kowa. Yara biyar ne suka sha ɗauri, wasu kuma suka ƙarar da rayuwarsu a bin majalisa, kafin wannan ya zama abin da ba a ko lura da shi. Mu da har yanzu muke da ragowar namu a hannu, rubuta shi kawai ya rage mana, kuma hakan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman a dawo da shi bayan ya tafi. Allah ya sa masu iko su ji.